Mai Jera Takalma

A shekarata ta biyu a kwalejin ilimi, inda na karanci renon ƙananan yara, muna da wata malama 'yar Garaku, gajera, mai sanyin murya. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, kowa ya sani. Da za a tura mu gwajin koyarwa sai ta ɗora mana aikin da ya ƙona mini rai. Wai kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya zauna a ƙasa daidai tsayinsa, ya yi ta kallonsa har a tashi. Ba magana, ba gyara. Na ce a raina, yanzu zaman banzan nan shi ne karatu?

Aka kai ni wata nazare a Gangaren Tudu. Ajin tabarmi ne, yara na tuɓe takalma a bakin ƙofa su watsar. A nan na ga wata yarinya 'yar shekara huɗu, iyayenta manoma da suka taso daga Agwada. Tun da aka sa ta ba wanda ya ji muryarta. Shugabar makarantar ta riga ta faɗa wa uwar cewa kurma ce, ƙarshen zango ta zo ta ɗauke ta. Na ga uwar a bakin get tana share ido da gefen zane. Yarinyar nan na zaɓa, don haushi kawai.

Zaman ya yi mini wuya. Ƙafafuna suka yi tsami, harshena na ƙaiƙayi. Ana waƙa, ita tana kallon bango.

Ran nan aka fita tara, yara suka ruga cin abinci a baranda ba takalmi. Ita ta tsaya a bakin ƙofa, ta tsuguna gaban tulin takalman nan. Na matso da gwiwa. Sai ta fara ware su, ƙafa da ƙafa. Har silifas masu kala ɗaya ba ta haɗa na wani da na wani ba. Na lura leɓenta na motsi, na kai kunne. Ashe duk wanda ta ajiye sai ta kira sunan mai shi, ƙasa-ƙasa, cikin wata 'yar waƙa ta yarensu. Sunayen da malamar aji ke kira kowace safiya, a jere, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

 Duk abin da muke yi wannan ƙaramin kai yana kwashewa, mu muna ce mata kurma. Hausar ce da Turancin ba su zauna mata ba tukuna.

Na so in yi ihu, na danne. Washegari na jawo malamarmu ta kwaleji da shugabar, na roƙe su su zauna a ƙasa. Shugabar ta harare ni, amma ta tattare zane ta zauna. Ba ta tashi ba sai da yarinyar ta gama.

"A bar ta a makarantar," in ji shugabar. 

Ranar da zan bar makarantar na fito na tarar da takalmana a ƙarshen layi, an daidaita su. Yarinyar tana tsugune kusa da su. Na durƙusa, ta ɗora yatsa a kansu, ta dube ni.

"Anti," ta ce.

Na ɗauki takalman a hankali, don kada in ɓata mata layi.