Uwar Kwalabe da Kafur a Kayan Jariri

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi mata a hanya ba. Kafin mai shara ya gama baranda, ta zura farar rigarta, ta jera kwalaben jini a benci. Shi ya sa duk asibitin ke kiranta Uwar Kwalabe. Shekara talatin da ɗaya tana ɗakin gwajin nan, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ba ta barin jini ya zauna. In an kawo kwalba aka tsaya hira, sai ta ce, "Jajayen ƙwayoyin nan sukari suke ci, ko a kwalba ba sa azumi. So kuke su cinye, mu rubuta wa mai ciwon sukari lafiya lau?"

Yayata ce shaida. Jaririnta na kwana shida idonsa ya yi rawaya, ya saki nono. Likita ya ce shawara ce, aka sa shi ƙarƙashin fitila, amma jininsa sai raguwa yake. Uwar Kwalabe ta zo ɗibar jini da kanta, ta sunkuya, sai ta tsaya tana shinshina zanen goyon.

"'Yata, me kika sa a akwatin kayansa?"

"Kafur ne, Mama, saboda kyankyaso."

"Ai gara kyankyason. Tuɓe masa yanzu."

Ta yi gwajinta ta dawo kamar za ta tashi sama, likita na biye da ita. Ta ce ƙwayar jini hanya biyu take bi da sukari, ɗaya ta ba ta ƙarfi, ɗaya ta yi mata garkuwa. Shi jaririn an haife shi hanya ta biyun ba ta da ƙwari, kafur kaɗai ya isa ya farfasa masa ƙwayoyin. Ta juya wajen uban yaron. "Angon ƙarni, bar zagayen baranda. Je ka zazzage akwatin nan, ka wanke komai ka shanya."

Aka ƙara wa jaririn jini. Kwana uku ya cafki nono har uwar ta ce wash. Yau shekararsa uku, ba abin da yake bari a kan tebur. Katin magungunan da ba zai sha ba, da rubutun hannun Mama, yana jakar yayata har gobe.

Mama, ke ce mai aiki a bayan ƙofa, sakamako ya fito a gode wa wani. To yau ke muke wa godiya, Allah ya huta gajiya. Ku kuma da za ku gaji bencinta, ku riƙa tashi daga kan kwalba ku je ku ga mai jinin. In ta kama, ku shinshina zanen goyon.