Finjali Shida a Bayan Masallacin Huaisheng

Wata Juma'a muna fitowa daga Masallacin Huaisheng da ke ƙasar Sin, abokin cinikina, wani Bamaraɗe, ya ja ni wani lungu, wai akwai mutumin Oman da ke dafa abincin ƙasarsu. Na bi shi, don na gaji da taliyar Sinawa.

Abinci kam ba a magana. Naman rago ne da aka naɗe a ganyen ayaba, ya sha yaji, ya kwana a wuta har yana sakin ƙashi da kansa. Mai wurin, wani dattijo, ya ce a garinsu rami ake tonawa a binne shi. Bayan mun ci, ya kawo halawa da dabino, ya tsaya a kaina da butar gahawa.

To ni ciwon zuciya gare ni. Likita a Kano ya kafa mini doka: kada in sha gahawa ko kurɓi ɗaya. Amma dattijo yana tsaye da kansa, ya miƙo maka, ka ce ba ka sha? Kunya ta hana ni. Na shanye, na mayar masa da finjalin. Ya sake cikawa. Na shanye, ya ƙara. Abokin nawa kuwa ya fita amsa waya, kayansa sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

A na biyar ƙirjina ya fara dukan uku-uku. Gumi ya keto mini, yatsuna suka yi sanyi. Wallahi na tsorata. Maganina yana masauki, can kusa da kasuwar Baima. Na tuna wani ɗan Kumasi da muka sallata bara, aka binne shi a nan, ba ɗansa ko ɗaya a bakin kabari. Na ce shi ke nan, tawa ta zo, a kan abin da bai kai cikin cokali uku ba.

Na shanye na shida ina kalmar shahada a zuci. Da na miƙa finjalin, hannuna sai karkarwa yake. Dattijon ya yi murmushi, ya karɓa, ya ajiye butar.

"Alhaji, ashe ka san al'adarmu," in ji shi da Larabci. "Sai baƙo ya girgiza finjali muke daina zubawa."

Na dafe ƙirji ina ƙirga bugun, shi kuma yana turo mini farantin halawa.