Tokar Gwaggo

Ban yi boko mai nisa ba, amma na san masai mai ruwa ba salga ba ne. Abin da na kasa sa wa Gwaggo a kai ke nan, yayar mahaifina.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashi ƙauyenmu can wajen Zurmi ta zo wurina Kaura Namoda. Haya nake. Bayinmu da na maƙwabcina, wani Kirista mai gyaran janareto, bututu ɗaya ke kai su sokawe. In namu ya toshe, nasa ke amai.

A ƙauye mace mai tsafta takan zuba toka a salga kowace safiya, ta kashe wari da ƙuda. Haka Gwaggo ta saba, haka ta ci gaba. Toka kuwa in ta kwanta cikin bututu daskarewa take kamar siminti.

Da ya toshe, mai gyaran famfo da na kira ya fasa ƙasa, ya kwaso baƙin laka har da gawayi, ya ce, "Malam, girki kuke a ciki?"

Mai gidan bai yi dariya ba. Ya ce in ya sake toshewa mu nemi wani wuri.

Na durƙusa na yi wa Gwaggo bayani.

"Toka ka ɓata masai? Tun ba a haihi ubanka ba nika zuba ta. Ku ne dai ƙazamai, masu kashi cikin kwano."

"Gwaggo, korar mu za a yi."

"An kore ni inda ya hi nan."

Matata ta riƙa kwashe tokar murhu kafin tsohuwa ta fito. Sai Gwaggo ta koma roƙon toka wurin mai ƙosan bakin titi. Na sa kwaɗo a ƙofar bayin, da azahar na tarar da ita tsaye tana matse zani, ba ta ko dube ni ba. Na cire shi da hannuna. Na roƙi mai gida a haƙa mata salga, ya ce kusa da rijiyarsa? Ina!

Da damina bututun ya sake toshewa. Maƙwabcina ya fito da wando a naɗe, ƙafa duk ƙazanta, ya ce, "Maƙwabci, ni ma fa ina da 'ya'ya." Washegari mai gida ya ce mu tashi.

Cikin gari babu ɗaki, 'yan gudun hijira sun cike ko'ina. Wanda na samu yana can ƙarshen gari, hanyar Sakajiki, ko katanga babu. Masu shi ma tsoro ya tashe su. Nan na kai iyalina. In babura suka taso daga daji yara kan bar wasa su dube ni, ni kuma in dubi ƙasa.