Yadda Malam Gide Ya Waye

Malam Gide dillalin awaki ne a kasuwar Ƙanƙara, kuma abin da ya gada wurin mahaifinsa bai wuce wani dogon gidan ƙasa a bakin gari ba. Da aka buɗe wata kwalejin koyon aikin jinya kusa da shi, sai gidan ya cika da ɗalibai 'yan ƙauye, na Pauwa, na Sheme, har da na Sabuwa. Su cunkushe a ɗaki, su dafa wake da itace a tsakar gida, in kaka ta yi iyayensu su aiko wa Gide da masara da zabi. Matarsa Nana ta san sunan kowa, ta san wanda ba ya cin yaji.

Ana nan sai wani Alhaji daga Abuja ya gina bene a tsallaken titi, musamman don ɗalibai. Tayil har banɗaki, sola a kan rufi, firji a kowane ɗaki, ga mai gadi da inifom. 'Ya'yan manya suka tare. Gide ya zauna kan benci yana kallon motoci na sauke akwatuna masu taya, ransa na tafasa. Ba hassada ba ce, in ji shi, kawai ya gano an daɗe ana cutarsa.

Ya ce wa matarsa, "Nana, kin san mi ya hana mu ci gaba? Irin mutanen da muke zamna da su."

Ta ce, "Malam, kai fa a Pauwa aka yanke maka cibi."

"Wanga tsohon zance ne."

Ya sayar da awakinsa kaf, ya yi wa gidan filasta ta waje kawai, ya shafa fenti ruwan hoda, ya ƙara wa katanga tsawo, ya kafa mata fasassun kwalabe. Ya sa aka rubuta wa gidan suna da Turanci a allo, sunan da shi kansa bai iya faɗa ba. In an tambaye shi sai ya nuna da haɓa. Ya sayo matacciyar na'urar sanyaya ɗaki wurin 'yan gwangwan, ya liƙa ta inda za a hango daga titi. Sannan ya tara ɗaliban ya kafa doka: ba girkin itace, ba shanya a igiya, ba baƙo mai silifas. Haya kuwa ya ɗaga ta inda ya san ba mai kaiwa.

Salihu, wani ɗalibi ɗan Ruwan Godiya, ya durƙusa ya ce, "Baba, zango ɗaya ya rage mani in gama. Ko zaure ne ka bar mani."

Gide ya ce, "Wane zaure? Nan yanzu risafshan ne, wurin tarbar manyan baƙi."

Suka watse. Wasu suka koma wani shago marar ƙofa bayan tasha. Salihu ya raɓa gidan kawunsa a ƙauye yana zuwa kan babur, ga hanya ba lafiya. Jarrabawa ta wuce shi, ya tattara ya koma gona. Nana ta yi kwanaki ba ta yi wa mijinta magana.

Shi kuwa Gide ya ɗinka sabon kaftani ya zauna jiran manya. Da ƙyar wata Hajiya ta tsaya da mota, ita da ɗanta Adnan, don benen Alhaji ya cika. Gide ya shige gaba yana bayani. Ta leƙa banɗaki ta ga masai da buta.

Ta ce, "Malam, ina famfo?"

Ya nuna rijiya. "Hajiya, ai namu ruwan ba a sa mashi magani. Daga ƙasa sai ciki."

Bai rufe baki ba kazar Nana ta fito daga wani ɗaki da ya kira na musamman, 'yan tsaki na bin ta. Hajiya ta toshe hanci da mayafi ta nufi mota, Adnan ya tsaya ya ɗauki hoto tukuna.

Daga ita ba wanda ya sake tsayawa. Da damina ta kama, filasta ta fara ɓarewa, Gide ya ba wani ɗan kasuwar Sheme ɗakunan yana ajiye buhunan masara. Ko a jikinsa. A majalisa yana bugun ƙirji cewa bai taɓa samun masu haya masu natsuwa irin waɗannan ba. A 'yan kwanakin nan ma yana zarya gidan mai unguwa, yana neman a tashi mata masu tuyar awara daga bakin titi, wai suna zubar wa unguwarsu da daraja.