Rediyon Merle Ya Ƙi Yin Shiru

Arvid Niemela kurma ne, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. Ramin haƙar ƙarfe na garinmu ya cinye masa kunne ɗaya, tsufa ya lashe rabin ɗayan, shi kuwa ya dage mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana. Ni Duane ne, maƙwabcinsa, kuma ni ne jakin da ke riƙe masa tsani duk sanda iskar arewacin Minnesota ta karya masa eriya. Na gaji da tsanin, na gaji da shi, to amma ina zan kai shi?

A ƙungiyarmu ta masu rediyon sha'awa, irin wanda ake aika wa juna saƙo da shi daga gida, shi ne babba. Tun yana saurayi ya samu lasisi, ya fara da maɓallin Mos da ake buga saƙo da shi, ƙwas-ƙwas da yatsa har gari ya waye. Ya yi aikin lantarki a ramin har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Elna ta yi haƙuri da wayoyin da ya ɗaura mata a kan igiyar shanya har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ba su haihu ba. Abin da ya rage masa a duniya bai fi a ƙirga da yatsu ba: baƙin kofi, ɗakin gumi na wankan tururi ranar Asabar, sai Merle.

Merle Hovland manomin alkama ne can yammacin Dakota ta Arewa. A iska suka haɗu tun gashinsu na baƙi. Sau ɗaya tak suka taɓa ganin juna, a wata kasuwar tsofaffin kayan rediyo, kuma Arvid ya ce mini tsayawa suka yi kamar surukai, kowa na kallon takalminsa, har suka rabu. Amma kullum safe, da an sauke kofi, Merle zai bugo: "Tsohon banza, kana raye?" Arvid ya mayar: "Sai na binne ka tukuna." Daga nan sai hirar ruwan sama da ciwon gwiwa.

Suna da doka, irin ta tsofaffinmu masu taurin kai. Ba a kiran juna a tarho. Wanda ya ɗaga tarho ya yarda rediyonsa gwangwani ne. Ko lambar juna ba su ajiye ba, wai don kada shaiɗan ya zuga wani.

Da kunne ya tafi, Mos ya gagari Arvid. Shi ma Merle hannunsa ya fara rawa. Na zaci zancen ya ƙare ke nan, sai ga manhajar nan ta masu raunin sigina. Ka haɗa rediyo da kwamfuta, siginar da kunnen ɗan Adam ba zai taɓa tsintowa a cikin shuuu ɗin iska ba, ita sai ta tsamo ta, ta jera maka haruffa a allo sannu a hankali. Arvid ya zage ta tas. Ya ce wannan ba rediyo ba ne, kwamfutoci biyu ne ke gulma mutane na gadi. Amma ranar da "tsohon banza" ya fito masa a allo, na ga ya cire tabarau yana gogewa, ya ce wai tururin kofi ne.

Da kaka aka fitar da sabon zubi na manhajar. Ta ƙara kaifin ji, tana iya ajiye maka saƙo in ba ka kusa, sannan akwai wani ɗan akwati a allo da in ka danna shi, duk wanda ya kira haruffanka, wato sunanka na iska, na'urar za ta amsa da kanta, ta ce ta ji shi, ta faɗi ƙarfin siginarsa. Merle mutum ne mai rawar kai a kan sabon abu, nan da nan ya danna nasa. Arvid ya ce shi ko a kabari ba wanda zai amsa sallama a madadinsa.

Bayan dusar ƙanƙara ta fara kwanciya, na shiga wata safiya na same shi a ɗakin ƙasa ya ƙura wa allo ido. Amsar Merle ta zo, amma babu zagi a ciki. "NA JI KA," sai lamba. Arvid ya ce mutumin na sauri ne, wataƙila zai kai mota gareji. Washegari haka. Mako ya juyo, haka. Kullum da sabon uzurin da zai yi masa: hannun ne ya tsananta, sanyi ne, ko fushi yake yi don an ce masa alkamarsa ta bana abincin kaji ce.

Ni dai ba na iya ganin abu in yi shiru. Na matsa kusa da kunnensa mai ɗan rai na ce, "Dattijo, wannan ba Merle ba ne. Akwatin nan ne ke amsa maka."

"Ba ga shi ya ce ya ji ni ba?"

"Na'ura ce ta ji ka. Mu nemi lambar gidansa, a kira."

"Kai ka kira. In ya ɗauka ka ce masa Arvid ya sare, rediyonsa gwangwani ne."

Haushi ya kama ni, na fita na buga masa ƙofa. Amma na san ba girman kai ne kaɗai ba. Tsoro yake ji. Muddin allon na cewa an ji shi, to yana da wanda zai tashi dominsa da safe. Ya fara ramewa, ya daina zuwa ɗakin gumi, kofi ya huce a gabansa yana tura wa Merle zagi iri-iri ko zai tanka. Amsar ba ta canzawa, lambar ce kawai ke hawa da sauka da yanayin iska.

Wata Talata ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da jakarsa a hannu, da katin gaisuwar rediyo da Merle ya taɓa aiko masa, mai adireshi a baya. Ya ce dokar ta hana tarho, ba ta hana mota ba. Wallahi na so in ce bayana na ciwo, don kuwa yana ciwon, amma na ɗauko makulli.

Tafiyar yini guda ce, fili fari fat ba abin kallo, ga shi abokin tafiyar ba ya jin magana. Muka ci burodi mai nama a ciki da ya ƙunso, ya yi sanyi kamar dutse. Da la'asar muka hango eriyar Merle tun kafin mu ga gidan.

A ƙofar muka tarar da wata mata tana loda kwalaye a bayan mota. Joanne ce, 'yar Merle, daga birni ta zo. Da Arvid ya faɗi sunansa ba ta gane ba. Da ya faɗi haruffan kiransa sai ta ajiye kwalin, ta ce, "Kai ne mutumin safe."

Ta ce mahaifinta ya faɗi ne a hanyar rumbu tun farkon ƙanƙara, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. An binne shi a bayan cocinsu. Ta nemi ta sanar da mu, amma katunan da ke manne a bango haruffa ne da lambobi, ba ta san wanne ne wanne ba. Wutar gidan ta bar ta a kunne don kada bututun ruwa ya daskare, kayan ɗakin ƙasa kuwa tsoron taɓa su take yi. Sai da na maimaita wa Arvid duka da ƙarfi, a tsakar gidan mutane, abin da ya fi komai yi mini nauyi ke nan.

Muka sauka. Kujerar Merle na nan da rigar sanyinsa a rataye. Allon na haske, kuma ga saƙonnin Arvid jere reras, zagi bayan zagi, manhajar ta adana su tsaf ba wanda ya buɗe. Joanne ta ce, "Baba, in yana ɗebe maka kewa, sai in bar shi a kunne har a sayar da gidan."

Na san yana so. Amma ya girgiza kai. Ya ce ba a yi wa mutum kiran ƙarshe rediyonsa na ta surutu. Ya laluba da linzamin kwamfuta ya cire alamar da ke cikin akwatin, ya kashe rediyon da hannunsa.

Kiran ƙarshe al'adarmu ce. In ɗayanmu ya rasu, ranar da ƙungiya ta hallara a iska sai a kira haruffansa sau uku, kowa ya saurara, in ba amsa a ce maɓallinsa ya yi shiru. Ran Lahadi Arvid ya ce shi zai yi kiran, kuma da Mos, yadda suka fara. Ya ciro tsohon maɓallin, ya hure ƙurar, ya sa ni zama a gefensa don ni ne mai kunne.

Ya buga na farko ya dube ni. Na girgiza kai. Ya buga na biyu, yatsan na kuskure. A na uku ya daɗe bai ɗago ba, lasifika na ta shuuu.

"Ya amsa?"

"Bai amsa ba, dattijo."

Ya ɗauke hannunsa daga maɓallin ya ɗora a gwiwa.

"To," ya ce. "Na binne ka, tsohon banza."