Cukun Baƙuwar Baba

Ina da shekara goma sha tara lokacin da wata Baturiya ta fara zuwa gidanmu a Limancin Kona. Dattijuwa ce 'yar ƙasar Faransa, doguwa, kanta duk furfura. Abin da ya kawo ta shi ne tsofaffin littattafan kakanmu na rubutun hannu da ke cikin gafaka a ɗakin Baba. Kullum da hantsi take zuwa, ta zauna a zaure tana ɗaukar hoton shafukan, Baba yana karanta mata inda tawada ta dushe. Tana jin Hausa, irin ta littafi, kuma da yake mace ce, takan shigo cikin gida ta gaida Inna. Malama muke ce mata.

Mace ce mai ladabi, ba ta taɓa shigowa ba lulluɓi ba. Amma tun makon farko ta yi abin da ya tsaya wa Inna a rai. Damina ce, mura ta kama ta. Muna zaune a tsakar gida sai ta zaro hankici, ta fyace majina da ƙarfi, ta ninke shi a tsanake, ta mayar aljihu. Ba a jima ba ta sake zaro shi ta goge tabarau. Da ta fita Inna ta dube ni.

"Ke, ajiye ta take yi? Me za ta yi da ita in ta je gida?"

Daga ranar aka ware mata kofinta.

Bayan wata biyu ta tafi ƙasarsu hutu. Da ta dawo, ta shigo da fara'a ɗauke da wata 'yar roba mai murfi, ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Hajiya, tsaraba ce. Cukun garinmu ne, babu wanda ya fi shi daraja. A cikin ƙanƙara na riƙo shi tun daga can. Gobe zan zo da burodi mu ci tare."

Inna ta yi godiya, ta sa mata albarka. Mu cukun da muka sani shi ne na Buzaye, busasshe, wanda ake dakawa da dabino. Sai kuma warar Fulani da ake soyawa. Don haka Malama tana fita na ɗauko wuƙa, yawuna har ya tsinke.

Ina ɗaga murfin na ja da baya. Na taɓa bi ta kusa da majema da tsakar rana, na kuma sha wanke safar yayyena bayan sun dawo daga ƙwallo. Warin nan ya haɗa duka biyun, ya ƙara da wani abu kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na daure na warware takardar ƙyallin da aka naɗe shi da ita. Abin fari ne, jiƙaƙƙe, yana gumi, ga hunhuna kore-kore da shuɗi-shuɗi ta ratsa shi ko'ina.

Inna ta toshe hanci da gefen mayafi ta leƙa.

"Inna lillahi! Ya lalace a hanya. Baiwar Allah, ta ɗauko tun daga uwa duniya, ba ta ma sani ba."

Na ce a zubar kawai. Inna ta ce ba za a kunyata baƙuwar Malam ba. A kankare wurin da ya ɓaci, a soya sauran, gobe a ba ta a ce mun gyara.

Ni aka bar wa aikin. Na ɗaure hanci da ɗankwali na zauna bakin murhu da wuƙa da tsinke. Duk inda na yanka sai in tarar da hunhunar a ciki, har tsakiya. Abin yana narkewa a yatsuna, yana shiga ƙarƙashin farce. Sau biyu na ruga bakin rariya ina kakari. Na fi awa ɗaya kafin na tsinci ɗan farin da bai cika ludayi ba daga rabin cukun.

Inna ta ɗora mai a kasko, ta zuba. Maimakon ya soyu kamar wara sai ya narke ya zama kamar majina, ya kama gindin kaskon. Warin kuwa ya bi hayaƙi ya cika gidan, ya tsallaka katanga. Maƙwabciyarmu ta ɗaga murya daga can.

"Hajiya, ko ɓera ne ya mutu muku a rufi? Mu ma nan muna ji."

"Muna dubawa," in ji Inna.

Ta sauke kaskon ta kai bayan gida ta kife. Sauran rabin cukun muka rufe a robarsa, muka ƙulle a leda uku, muka ajiye nesa da ɗakin girki. Na wanke hannu da toka, na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, amma ranar da cokali na ci tuwo.

Washegari, Alhamis, Malama ta zo da burodinta. Bayan gaisuwa ta tambayi cuku. Inna ta yi ƙasa da murya kamar mai ta'aziyya.

"Malama, sai haƙuri. Zafin ƙasar nan ya ɓata shi. Mun yi ƙoƙarin ceto wani abu, bai yiwu ba."

Na kawo robar na buɗe a gabanta, ina riƙe numfashi. Ta dubi gefen da na ragargaza da tsinke, fuskarta ta canza kamar za ta yi kuka. Sannan ta sunkuya ta shaƙi warin har cikin ƙirjinta, ta lumshe ido.

"A'a, Hajiya, lafiyarsa lau. Haka ake yin sa. Hunhunar nan ita ce daɗin."

Ta yi mana bayani cewa da nonon tumaki ake yi, a sa masa hunhunar da gangan, a kai shi kogon dutse a ajiye wata da watanni. Ta ce a gidansu sai ranar biki ko an yi babban baƙo ake fito da shi. Tana magana tana lakato shi da wuƙa, wurin da ya fi kore take zaɓa, ta shafa a burodi ta kai baki. Ina kallon wani ɗan gutsure shuɗi ya maƙale a leɓenta, ta sa harshe ta lashe.

Ta shafa wani ta miƙa wa Inna. Inna, wadda da idona na ga ta sha koko da ƙosai da safe, ta ce, "Ayya, yau azumi nake."

Ni ban da abin fakewa. Na karɓa na gutsura. Gishiri ne ya fara dukan harshena, sai wani yaji-yaji ya hau hanci, sai maiƙo ya manne a dasashi ya ƙi tafiya. Na haɗiye da ƙyar, hawaye na zuba. Malama ta ce haka kowa yake yi da farko.

Ana cikin haka Baba ya shigo daga zaure. Malama ta shafa a burodi ta miƙa masa, ta ce ai dama dominsa ta kawo. Baba bai taɓa mayar da abin da baƙo ya miƙo masa ba. Ya tsaya ya dubi robar, ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

"Malama, babu alade ko giya a ciki?"

"Babu, Malam. Nono ne da gishiri."

Na ga alamar ya so amsar ta zama daban. Ya yi bisimilla ya ci. Ya daɗe yana taunawa, jijiyar goshinsa ta fito.

"Madalla," ya ce. "Lallai yana da ƙarfi."

Ta ji daɗi ta shafa masa na biyu, ya fi na farko kauri. Shi ma ya cinye.

Da za ta tafi ta bar mana sauran, ta ce kyauta ce ba a mayarwa. Inna ta jefa wa kyanwarmu ɗan gutsure, ta sunsuna ta juya. A ƙarshe ni na haƙa rami gindin bishiyar lemo na binne shi da robar gaba ɗaya.

Baba kuwa ya yi asuwaki har sau uku, ya tauna kanumfari, ya ci goro. Kowane lokaci sai ya hura numfashi a tafin hannu ya sunsuna, ya girgiza kai. Da aka kira azahar ya yi alwala, ya kai bakin ƙofa, ya dawo. Ya ce in wanda ya ci ɗanyar albasa bai kamata ya shiga sahu ya cuci mutane ba, to shi ya fi cancanta ya zauna a gida. Ya shimfiɗa buzunsa a ɗaki ya yi sallarsa.

Ba a taɓa rasa shi a sahun farko ba in ba ciwo ba, don haka ana idarwa dattawa uku suka yi sallama a zaure. Ina jin su daga bayan ƙofa. Baba ya fita ya ja amawali ya rufe baki, ya tsaya nesa da su, bai ba kowa hannu ba.

"Malam, jiki ne?"

"Lafiya lau nake," ya ce. "Tsaraba na ci. Ku yi mini uzuri har la'asar."