Malama Wataƙila, Mai Auna Idon Raga

Da hantsin Talata, 11 ga watan Maris, ƙanenki ya kira ni ya ce kin cika a asibiti, bayan jinyar ƙoda. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

A cibiyarmu ta binciken kamun kifi ke ce mai ƙididdiga. Mu ne masu ƙera raga, ke kuma ki faɗa mana ko ragar tana kama manyan kifi ta bar ƙanana su zille, ko kuwa baki ne kawai. Mun laƙaba miki Malama Wataƙila don ba kya cewa “tabbas” sai alƙaluma sun tilasta miki. Ko an tambaye ki za ki sha shayi, sai a ji wani daga bayan ofis ya amsa miki da “wataƙila”, ki yi dariya ki miƙa kofi.

Ba zan manta shekarar da na ƙera raga mai faɗin ido, wato mai manyan ramuka, ba. Gwajin farko ya yi kyau, hukuma na jiran rahoto don ta wajabta wa jiragen kamun kifi na kasuwa amfani da ita. Kika ƙi sa hannu. Na nuna miki tarin kifin da muka auna, kika kira ni yadda kika saba, kika ce, “Ƙanena, duk daga jan raga ɗaya suka fito. Shaida ɗaya ke nan. Idan muka yi kuskure, abincin gidan masunta muka taɓa.”

Na yi fushi, ba ki kula ba. Kika sa aka riƙa jan tsohuwar raga da sabuwar a jere daga jirgi ɗaya, ana sauya musu gefe, a wurare dabam-dabam. Ruwa yana sa ki amai, amma kika bi mu. Kina zaune kan bokiti, mayafi ɗaure a ƙugu, kina ɗora kifi kan allon awo.

Sakamakon ya nuna ragata tana sakin ƙanana, amma tana zubar da wasu da suka isa kasuwa. Muka rage idon kaɗan. Ranar taro da masu jirage, ke kika tsaya kika faɗa musu asarar da za su yi a farko, ba ki rage komai ba. Shi ya sa suka yarda. Wannan ragar suke ja har yau, kuma da yawansu sun zo jana'izarki.

Ɗalibai kuwa, kin gyara wa da dama lissafin digirinsu, kika hana su sa sunanki.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya nauyaya mizaninki da alheri. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki wadda ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko kin yi wa mutane amfani a wurin aiki. Kin yi, kuma na faɗa mata. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya ba mu baki ɗaya.